Fitilar Iskar Taya Ta Kama: Nasiha Ga Matasan Direbobi

Ƙannena maza da mata da kuka fara riƙe sitiyari, a cikin duk fitilun da mota ke kunna wa direba a gabansa, babu wadda ake rainawa kamar ta iskar taya. Launinta ruwan ɗorawa ne, zanenta kamar harafin U mai faɗin ciki, ƙasanta da 'yan haƙora, tsakiyarta da alamar motsin rai. Hoton taya ne da aka yanka, kuma saƙonta shi ne iskar ɗaya daga cikin tayoyinka ta ragu. Idan fitilar mai ta kama, nan take direba zai nufi gidan mai. Idan ta batir ce, hankalinsa ya tashi ke nan. Amma wannan kuwa, sai ka ji an ce, "Rabu da ita, haka take tun da aka kawo motar." Wani ya liƙa mata baƙin salatif, wani ya kai wa mai wayarin ya ce a kashe masa ita don tana damunsa. To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku ba ni aron hankalinku mu bi wannan fitila daki-daki, daga dalilin sa ta zuwa abin da ya kamata ku yi idan ta kama.

Sai da rayuka suka salwanta kafin a tilasta sa ta a mota. A ƙarshen shekarun 1990, an yi ta samun haɗurra da motar Ford Explorer mai ɗauke da wasu tayoyin kamfanin Firestone. Ana cikin gudu sai bayan tayar ya ɓare daga jikinta, mota ta ƙwace ta wuntsila. A Amurka kaɗai mutum fiye da 200 ne suka rasu, kuma a watan Agustan 2000 kamfanin ya janye tayoyi miliyan 6.5. Akwai matsala a ƙirar tayoyin, amma ƙarancin iska da zafin gari sun ƙara wa abin muni, shi ya sa haɗurran suka fi yawa a jihohi masu zafi irin su Texas da Florida, da ƙasashe irin su Saudiyya da Benezuwela. A wannan shekarar majalisar dokokin Amurka ta yi doka, kuma daga watan Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a can dole ta zo da na'urar sa ido kan iskar taya, wadda ake taƙaita sunanta da TPMS. Tarayyar Turai ta bi sahu a kan dukkan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamban 2014. Motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano da Legas, su Camry da Corolla da Accord da Sienna, da yawansu daga Amurka suka fito, da na'urar a jikinsu. Mu kuma da kwaltarmu ke tafasa a bazara, ai mun fi masu ita bukatarta.

Abin da ke ɗauke da nauyin mota iska ce, robar taya mazubi ce kawai. Idan iskar ta ragu, gefen taya yakan lotsa a inda ya taɓa ƙasa, ya miƙe idan ya juyo sama. Tayar ƙaramar mota a gudun kilomita 100 a awa tana juyawa kusan sau 14 a kowane sakan, don haka lotsawar da miƙewar ba su da iyaka. Ka taɓa lanƙwasa waya gaba da baya da hannunka? Kafin ta karye sai ka ji wurin ya yi zafi. Haka ke faruwa da zare da wayoyin da ke cikin taya, har gam ɗin da ya haɗa su da roba ya saki. Wannan ne ya sa nake jan kunnenku kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a tashoshinmu, ta rage iska kafin doguwar tafiya lokacin zafi wai don kada taya ta fashe. Wanda ya yi haka ya buɗe wa fashewar ƙofa da hannunsa. Ban da hatsari, taya mai ƙarancin iska tana sa mota shan mai, gefunanta biyu su suɗe tun tsakiyar tana da sauranta, birki ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya, sitiyari ya yi nauyi a kwana.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: fitilar ba ta kamawa da wuri. Ƙa'idar Amurka ta ce lallai ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 na abin da kamfanin motar ya ƙayyade. Wato idan 32 aka rubuta wa motarka a ma'aunin psi, taya tana iya sauka 30, ta sauka 28, ta sauka 26, fitila ba ta ce uffan ba, sai ta kai wajen 24. Ido kuma ba ya gane irin wannan ragi a tayoyin zamani, balle shurin taya da ƙafa ko ƙwanƙwasa ta da sifana. Don haka fitila a kashe ba shaida ce ta cewa iska ta cika ba, fitila a kunne kuwa shaida ce ta cewa an riga an makara. Magana ta ƙarshe a wurin gejin auna iska take.

Idan ta kama kana cikin gudu, kada ka firgita ka danna birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka lura ko motar tana jan ka gefe ɗaya ko kana jin wata sabuwar ƙara. Nemi wuri mai fili da aminci ka sauka daga kwalta, ka kunna fitilun hatsari, sannan ka zagaya motar. Idan taya ta kwanta, sa safaya. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba, domin tafiyar 'yan mintuna a kan tayar da ta sace ta isa ta niƙe cikinta, abin da facin kuɗi kaɗan zai gyara ya koma sayen sabuwa. Idan safayar irin siririyar nan ce, yawanci 60 ake buga mata, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Aikinta ta kai ka wurin mai faci. Idan kuwa babu wadda ta kwanta, auna dukkan huɗun, kada ka tsaya kan wadda idonka ya zarga.

To, nawa za a buga? A nan ne ake yawan yin kuskure. Lambar da ke rubuce a gefen taya, irin su 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne. Lambar da motarka ke bukata tana kan wata 'yar takarda da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wasu motocin Turai kuma a murfin tankin mai. A ƙananan motoci yawanci tana tsakanin 30 da 35 a ma'aunin psi. 'Yan'uwanmu na Nijar da masu motocin Turai za su fi ganin ma'aunin bar, inda 32 ke daidai da kusan 2.2. Wasu takardun suna ba da lamba ta biyu ta lokacin da aka cika mota da mutane da kaya, irin tafiyar Salla. Idan mai faci ya jona tiyo ya ce, "Yallaɓai, 45 nake sa wa kowa," ka amsa masa cikin ladabi, "Malam, taimaka ka sa mini 32, haka aka rubuta a ƙofa." Iskar da ta yi yawa tana cinye tsakiyar taya, ta rage kamun ƙasa, kowane rami ya doki mota kai tsaye. Sannan ana auna iska ne taya tana da sanyi, wato motar ta huta kamar awa uku, ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Tayar da ta sha hanya daga Kano zuwa Zariya za ta nuna ƙarin 4 ko sama da haka, kuma daidai ne. Kada ka sace wannan ƙarin, don da ta huce za ka tarar ta gaza.

Ita fitilar kanta tana da yanayi uku, kowanne da ma'anarsa. Idan ta kama ta tsaya cak, iska ce ta ragu. Idan ta kama da sassafe, ka yi 'yar tafiya ta mutu da kanta, wannan aikin sanyi ne a kan tayar da dama ta kusa gaɓa. Iska tana raguwa da kusan psi 1 duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 zuwa 6. A hunturun Kano, asuba takan sauka ƙasa da digiri 15, la'asar ta kusa 30, ka ga bambancin ya kai psi 3. Tayar da ta kwana a 26 sai ta wayi gari a 23, fitila ta kama. Rana ta fito, taya ta ɗumama, fitila ta ɗauke. Mutuwarta ba ta nufin an warke, ƙarin iska ake bukata. Yanayi na uku shi ne ka tayar da mota ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sannan ta tsaya a kunne. Wannan na'urar ce da kanta ke cewa ta samu matsala, kuma daga wannan lokaci ba ta gadin tayoyinka. Wasu tsofaffin motocin Honda suna da fitila daban mai haruffan TPMS don wannan saƙon.

Yana da kyau ka san irin na'urar da ke motarka, domin iri biyu ce. Ta farko tana da 'yar sensa a cikin kowace taya, manne da gindin bawul, tana auna iska ta aika wa mota ta hanyar rediyo. Batirinta a rufe yake, ba a canja shi, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10. Lissafa shekarun motar da aka ƙera a 2010, za ka gane dalilin da ya sa motoci da yawa a gari ke yawo da fitila mai ƙyaftawa. A wasu manyan jif-jif na Toyota da Lexus har safaya tana da sensa, sai mutum ya auna huɗun ƙasa ya ga lafiya, fitila ta ƙi mutuwa, ashe ta biyar ce ta sace. Iri na biyu ba ta da komai a cikin taya. Tana lura ne da saurin juyawar kowace ƙafa ta na'urar birkin ABS, tunda tayar da iskarta ta ragu takan ƙanƙance ta fi 'yan'uwanta saurin juyawa. Accord daga ƙirar 2013 da motocin Volkswagen da yawa irin wannan gare su, kuma dole a sake saita ta bayan an ƙara iska ko an sauya wa tayoyi wuri. A nan akwai tarko. Maɓallin saitin yana gaya wa mota ne cewa iskar da ke ciki yanzu ita ce daidai. Wanda ya danna shi taya tana 24 don fitila ta ƙyale shi, ya koya wa motarsa ƙarya, kuma shi za ta fara cuta. A cika iska tukuna, sannan a danna.

Yanzu sai maganar yoyo. Kowace taya, komai kyanta, tana rasa psi 1 ko 2 a wata ta jikin roba, kuma duk huɗun sukan ragu kusan tare. Amma idan guda ɗaya ce kullum ke baya, ko ka cika yau kafin mako ta sauka, akwai inda iskar ke fita, kuma tsayawa wurin mai faci duk bayan kwana uku ana "ɗan ƙara mini" ba magani ba ne. Wurare huɗu ake dubawa. Na farko bayan taya, inda ƙusa ko sukurun kafinta ke shiga ya toshe ramin da ya yi, iska ta riƙa bin gefensa a hankali. Idan ka gan shi kada ka zare, bar shi har ka isa inda za a gyara. Na biyu bawul. Duba yadda tsohon mai faci ke yi: ya lakato yawu ya shafa a bakin bawul ya zuba ido, idan ya kumbura ya fashe, 'yar ƙwayar ciki ce ta saki. Sai kuma ya tanƙwara bawul ɗin gefe da yatsa, domin robar gindinsa takan tsattsage saboda rana, ba ta yoyo sai an motsa ta. Na uku bakin wili, inda leɓen taya ke zama. Ramin da ka faɗa jiya da dare ya isa ya lotsa shi, tsatsa da yashi ma suna hana shi kamawa, wilin alminiyam kuma yakan yi siririn tsagi da ido ba ya gani. Na huɗu gefen taya, inda dutse ko bakin kwalbati ke yanka.

A gida ma kana iya gano wurin. Kaɗa omo a ruwa, cika tayar da iska, ka bi ta da soso: bayanta duka, bawul, da zagayen bakin wili ciki da waje. Kada ka yi gaggawa. Babban yoyo yakan busa ƙwai manya nan take, ƙarami kuwa sai bayan minti biyu ko uku za ka ga farin kumfa ya taru wuri guda yana ƙaruwa. A wurin mai faci, tsoma tayar zai yi a rabin duron ruwa yana juya ta kaɗan-kaɗan, har ya ga 'yan ƙwayayen iska suna tasowa a jere, ya sa alli ya yi wa wurin alama. Tsaya a kansa ka gani da idonka, kuma ka ce ya ƙarasa zagayen, don wani lokaci ramin biyu ne.

Ba kowane rami ake facewa ba. Ƙa'idar masu ƙera taya ita ce ramin ya kasance a tsakiyar bayan taya inda zane yake, kuma faɗinsa kada ya wuce milimita 6. Gefen taya da kafaɗarta ba su da faci, domin nan ne wurin da ke lotsawa sau ɗaruruwa a minti, babu gam ɗin da zai jure. Idan ka ga ƙullutu ya fito a gefe, zaren ciki ne ya tsinke, kuma wannan taya ta gama aiki ko da zanenta sabo ne fil. Baƙar igiyar nan mai danƙo da ake cusawa daga waje ba tare da an cire taya ba tana fitar da mutum kunya a hanya, amma gyara na ƙwarai shi ne a cire tayar daga wili, a toshe ramin, a kuma liƙa faci daga ciki. Amfanin cirewar ya wuce facin. Idan aka buɗe ka ga baƙin garin roba ya taru a ciki, ko wani zobe ya goge a jikin bangon, an yi tafiya a kanta ba iska, kuma ba abin amincewa ba ce. Haka nan ku guji dabarar zura tub a cikin tayar tubles da ta lalace. Tubles idan ƙusa ta shige ta a hankali take sacewa, ta ba fitila damar yi maka magana, tub kuwa lokaci guda yake sauke iska, kuma sai an cire sensa kafin a sa shi.

Kafin mai faci ya sa ƙarfensa, gaya masa, "Malam, akwai sensa a gindin bawul, a bi a hankali." Sensa da yawa ba tsufa ne ya kashe su ba, ƙarfen ɓanɓare taya ne ya fasa su, ko kuma an cire an jefar an sa bawul ɗin roba ba tare da mai mota ya sani ba. Idan ta mutu, mai kwamfutar mota zai iya gano wacce ce, ya sa sabuwa, ya gabatar da ita ga motar. In guda ta mutu don tsufa, sa rai sauran ma suna hanya. Wanda ba shi da halin canjawa yanzu babu laifi, mutane sun yi shekaru suna tuƙi kafin a ƙirƙiro ta, amma ya san cewa gadin ya dawo wuyansa, ya riƙa aunawa duk mako. Abin da bai halatta ba shi ne a kashe fitilar a sayar wa wani motar a ce komai lafiya. Wannan algus ne da ke iya cin rai.

Masu sayen tayar gwanjo, ku koyi karanta shekarunta. A gefen taya akwai layin da ya fara da haruffan DOT, lambobi huɗun ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar roba takan bushe ta yi 'yan tsage-tsage, ta riƙa shan iska ta inda ba a iya facewa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunnen direbobi kan tsofaffin tayoyi, manyan kamfanonin taya kuma suna cewa wadda ta kai shekara 10 a sauke ta ko da ba ta taɓa hawa kwalta ba. Araha ba ta ado, balle a ƙafar da za ta ɗauki iyali.

Saboda haka, ƙannena, ku sayi gejinku na kanku ku ajiye a mota, domin ya fi gejin bakin titi da ya sha faɗuwa a ƙasa. Ku ware safiya ɗaya a kowane wata, da kuma safiyar duk wata doguwar tafiya, ku auna tayoyi biyar kafin rana ta ɗaga, ku mayar da murfin kowane bawul don ƙura kada ta shiga. Idan fitila ta kama, ku tsaya, ku auna, ku nemo inda iskar ke fita, ku gyara shi gyara na gaskiya. Mutanen da ke zaune a bayanku amana ce, ba su ga fitilar ba, ku kuka gan ta. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.